Likita Walter Miller (1872–1952): Saurayin da Aka Kora Daga Kano

Duk Kiristan da ya taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, ko a Obi yake sujada, ko a Lafiya, ko a Wusasa, ya ci moriyar aikin wani likita Bature mai suna Walter Richard Samuel Miller, wanda mutanen Zazzau suka sani da Likita Mila. Sunansa yakan fito duk lokacin da ake ba da tarihin shigowar bishara ƙasar Hausa, kuma galibi nasarorinsa ake lissafawa: makarantar da ya kafa a birnin Zariya, da yaran da ya rena, da fassarar da aka buga a shekarar 1932. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, babban aikin farko da ya sa hannu a ciki bayan ya gama karatu ya ƙare da kora da mutuwa da gobara, kuma ba shi ne kuskurensa na ƙarshe ba. Tarihinsa yana da amfani ga iyalan da 'ya'yansu suka karɓi takardar digiri suna shirin fuskantar duniya, domin yana nuna abin da mai ilimi yakan yi da kuskurensa bayan ya riga ya auku.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Miller a shekarar 1872 a garin Honiton, cikin lardin Devon a kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, ɗaya daga cikin asibitoci mafi tsufa a ƙasar. A zamanin nan wutar aikin mishan tana ci ƙwarai a zukatan ɗalibai Kirista na Ingila da Amurka. Da yawa sun yi alkawarin ba da ransu ga aikin bishara a ƙasashen waje, suna da tabbacin cewa za a kai ta ko'ina a duniya kafin tsararsu ta shuɗe. Miller yana cikin waɗanda wannan kira ya kama, sai ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS, ta Ekklesiyar Angilikan.

Ƙasar Hausa ce ta ɗauki hankalinsa, ko da yake labarin waɗanda suka riga shi ba mai daɗi ba ne. John Alfred Robinson ya mutu a Lakwaja a 1891, Graham Wilmot Brooke ya bi shi a 1892, ba wanda ya kai Kano a cikinsu. A 1894 kuma samari biyu daga cikin ukun da suka soma aikin da ya zama SIM suka mutu, Walter Gowans a Girku kusa da Zariya, Thomas Kent a Bida. Duk da haka akwai wani ra'ayi da ya zauna daram a tsakanin 'yan mishan na Ingila, wai Musuluncin talakawan Hausa na fatar baki ne, sun gaji da mulkin Fulani, kuma da zarar sun ji bishara za su karɓe ta da yawansu. Da wannan ra'ayi Miller ya fito daga makaranta. A cikin littattafai da taron ɗalibai ya tsince shi, tun bai taɓa zama da Bahaushe ko ɗaya ba.

Shiri a Tarabulus

Mataki ɗaya na hikima da ya ɗauka tun farko shi ne na koyon harshe. Shi da abokan aikinsa suka tafi Tarabulus a ƙasar Libiya ta yau, inda ayarin fatake da mahajjata daga Kano da Katsina suke yada zango bayan sun ƙetare hamada. A can ya zauna cikin Hausawa yana koyon magana daga bakinsu. A can ne kuma ya sadu da wani yaro mai suna Abdul Majid, wanda ake kira Audu, da ya rasa mahaifinsa a hanyar aikin hajji. Daga baya wannan yaro ya zama kamar ɗa a gare shi. Hausar da Miller ya samo a Tarabulus ita ce jarin da ya yi ta juyawa har ƙarshen ransa. Sai dai sanin harshe dabam yake da sanin halin da ƙasa take ciki, kuma wannan na biyun Kano ce ta koya masa.

Tafiya Kano a 1900

A farkon shekarar 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci tawagar mutum biyar daga Legas zuwa Kano. Ban da shi da Miller akwai Rabaran Richardson, da Rabaran Dudley Ryder, da Mista Burgin. Jirgin ƙasa bai isa Kano ba sai 1911, saboda haka tafiyar ta ɗauke su wajen wata uku, ta ƙasar Yarbawa da Jabba, tare da 'yan dako masu yawa.

Lokacin da suka zaɓa ba zai yiwu ya fi haka muni ba. A ranar 1 ga Janairu na wannan shekara Gwamna Lugga ya yi shelar mulkin Ingila a kan Arewa a Lakwaja, amma Kano da Sakkwato suna nan da ikonsu, ba su san da wannan magana ba. Shekara uku kafin nan sojojin kamfanin Turawa sun ci Bida da Ilori da yaƙi. Faransawa suna matsowa daga yamma da arewa. Sarkin Kano Aliyu Babba kuwa bai daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba, wanda ya kai shi gadon sarauta. A irin wannan hali, duk Baturen da ya iso ƙofar gari da dogon ayari, ɗan leƙen asiri za a ɗauke shi, ko da magani da littafi kaɗai ya riƙo. Lugga ya gargaɗe su kada su wuce inda gwamnati za ta iya kare su. Suka wuce.

A Zariya Sarki Kwasau ya karɓe su da mutunci, abin da ya ƙara musu ƙarfin gwiwa. Suka ci gaba zuwa Kano ba tare da sun jira izinin sarkinta ba, alhali a al'adar ƙasar baƙo mai daraja yakan aika tukuna, ya jira a ce masa bismilla. Da aka kai su gaban Sarki Aliyu suka roƙi wurin zama domin su yi magani su koyar. Sarki ya ƙi, ya ba su wa'adin 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka juyo suka sauka a Girku, garin da Gowans ya mutu shekara shida kafin nan. Damina ta same su a can. Ryder ya kamu da atuni ya mutu, aka mai da Richardson gida saboda rashin lafiya, daga baya kuma gidan da suka gina ya ƙone. Hausawa suka ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Ragowar tawagar suka gangaro kudu zuwa Loko a bakin Binuwai, cikin Jihar Nasarawa ta yau.

Miller bai cika shekara 30 ba a lokacin. Shi ne likitan tawagar, kuma a gabansa abokinsa ya cika. Ɓarnar ba ta tsaya a kansu kaɗai ba. Hukumomin mulkin mallaka suka riƙe abin da ya faru a Kano a matsayin hujja, suka yi shekaru masu yawa suna taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Gaggawar mutum biyar ta ƙara wa waɗanda suka zo bayansu wuyar aiki.

Abin da ya yi da kayen

Ba Miller ne shugaban tafiyar ba, kuma da ya so, da ya ɗora laifin a kan bishop ya koma Ingila ya buɗe wurin aikinsa na likita, ba mai zarginsa. Bai yi haka ba. Ya ci gaba da aikin harshe, har a 1901 aka buga ɗan littafinsa na koyon Hausa mai suna Hausa Notes. A wannan tsakani ne wasu samari biyu suka shigo aikin mishan ɗin, G. P. Bargery wanda daga baya ya wallafa babban ƙamus na Hausa a 1934, da Hanns Vischer wanda aka fi sani da Ɗan Hausa.

A 1902 Miller ya koma Girku, garin da ya binne abokinsa. Daga nan zuwa birnin Zariya ba wata tafiya ce mai nisa ba, amma sai da ya yi shekara uku yana jira. A 1905, da izinin gwamnati da yardar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, ya shiga birni ya zauna a unguwar Durumin Maigarke. Mutumin da ya kutsa Kano cikin wata uku aka kore shi cikin kwanaki, ya shiga Zariya bayan shekara biyar, ya kuwa zauna a cikinta fiye da shekara 20. Sannu ba ta hana zuwa.

Makaranta, da kuskure na biyu

Da ya zauna, sai ya sake shirya wani babban tsari. Ya ba Lugga shawarar a buɗe makarantu biyu a ƙarƙashin kulawarsa, ɗaya ta malamai domin su koyi rubutun boko, ɗaya kuma ta kwana domin 'ya'yan sarakuna. Lugga ya yi na'am, amma ya bar Arewa a 1906, waɗanda suka gaje shi kuwa ba su da wannan sha'awa. Sarakuna ma ba su ga dalilin miƙa magadansu ga mutumin da bai ɓoye cewa wa'azin Kiristanci ya kawo shi ba. Tsarin ya ruguje. A 1909 gwamnati ta buɗe makarantarta a Nasarawa ta Kano, ta danƙa ta ga Ɗan Hausa, wanda ya riga ya bar mishan ya shiga aikin gwamnati.

A nan akwai kuskuren da ya fi na tsari zurfi. Miller ya jingina aikinsa a jikin ikon gwamna, kuma bai iya ɓoye ƙyamarsa ga mulkin sarakuna ba. Yakan kai wa jami'an Turawa rahoton zaluncin da ya ji ana yi wa talakawa. Akwai tausayi na gaskiya a cikin wannan, amma ya sa mutane da yawa a Zazzau suka riƙa kallonsa kamar kunnen gwamnati, dangantakarsa da Sarki Aliyu kuma ta yi tsami. Taron jama'ar da aka yi masa alkawari tun yana ɗalibi bai zo ba. Musuluncin Hausawa ya fi yadda littattafan Ingila suka faɗa zurfi da saiwa.

Sai ya rage buri ya koma ga abin da hannunsa zai iya riƙewa. Ya tara 'yan yara kaɗan a gidansa, yana ci da su, yana koya musu karatu da lissafi da Turanci da Maganar Allah, yana lura da halin kowane ɗaya. Aikin likita ya ja baya, koyarwa da fassara suka cinye yawancin lokacinsa. Wannan ƙaramar makaranta, wadda ba ta kai ko kusa da abin da ya zana wa Lugga ba, ita ce ta yi 'ya'ya.

Gimi

A 1913 wasu mutane suka zo wurinsa daga cikin Isawa. Waɗannan almajiran wani Malam Ibrahim ne na Kano, wanda ya ba Annabi Isa matsayi na musamman a cikin koyarwarsa, aka kashe shi a Kano a ƙarni na 19, mabiyansa suka watse, wasu suka nufi Ningi. Da dama daga cikin zuriyarsu suka karɓi bangaskiyar Kirista. Domin su zauna tare su yi noma su yi sujada cikin kwanciyar rai, aka samo musu fili a Gimi cikin ƙasar Zazzau, aka kafa ƙauyen masu bi, Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, yana kiwonsu.

Wurin yana da ƙasar noma da ruwa, amma yana da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen ya kashe mutane da yawa, har dole aka tashi daga wurin. Ilimin wannan ciwo bai yi nisa ba a lokacin, magani mai inganci kuma bai samu ba tukuna, saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa mutum ɗaya alhakin abin da ya faru. Duk da haka, ga likita wanda ya ga amsar addu'ar shekaru tana narkewa a gabansa, wannan bugu ne mai tsanani. Abin da ya rage a hannunsa shi ne marayu da waɗanda suka tsira. Aka kawo su Zariya, yaran suka shiga makaranta. Daga zuriyar Isawan nan ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

Wusasa da Littafi Mai Tsarki

Zuwa ƙarshen shekarun 1920 gwamnati da masarauta suna son mishan ya fita daga cikin ganuwa, sababbin ma'aikatan CMS kuma suna ganin wurin ya yi musu ƙunci ga makaranta da asibiti. Aka ba su fili a Wusasa, bayan gari, aka ƙaura a wajen 1929. Miller ya yi hamayya da wannan ƙaura da dukan ƙarfinsa, domin a ganinsa ja da baya ne daga wurin da ya sha wuya kafin ya samu. Aka rinjaye shi. Tarihi ya nuna cewa Wusasa ta zama gidan da ya haifi masu ilimi da yawa na Arewa, da majami'ar St Bartholomew, da makaranta, da asibitin St Luke. Janar Yakubu Gowon a can ya tashi ya yi karatun farko.

Miller bai bi su Wusasa ya zauna ba. Ya koma Kano, birnin da ya kore shi shekara 30 da suka wuce, ya duƙufa a kan aikin da ya daɗe yana yi tare da malamai Hausawa da 'yan mishan na wasu ƙungiyoyi, irin su Likita Andrew Stirrett na SIM. A 1932, yana da shekara 60, ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Ingila ta fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Wani abin lura shi ne inda littafin ya fi samun masu karatu. Miller ya yi shi ne da Hausawan birni a zuciyarsa, amma waɗanda suka fi rungumarsa su ne kabilun Filato da kudancin Zazzau da kwarin Binuwai da Adamawa, waɗanda Hausa ta zama musu harshen kasuwa da na sujada. Alago da Eggon da Migili da Mada suka iya zama a benci ɗaya suna bin karatu ɗaya. An sake fassara da gyare-gyare a shekarun baya, amma a kan harsashin 1932 aka ɗora, kuma da yawa daga cikin kalmomin da ake addu'a da su a majami'un Obi da Keana da Doma daga wannan aiki suka samo asali.

Shekarunsa na ƙarshe

Miller ya ajiye aiki da CMS a 1935 ya tafi Ingila, inda ya wallafa tarihin aikinsa mai suna Reflections of a Pioneer a 1936. Zaman Ingila bai karɓe shi ba, ya dawo Nijeriya a 1939. A 1947 ya fitar da wani littafi, Have We Failed in Nigeria?, wanda sunansa kansa tambaya ce ga Turawa 'yan'uwansa ko sun kāsa a ƙasar nan. Saurayin da ya taɓa sa zuciya ga mulkin Ingila ya buɗe wa bishara hanya, ya tsufa yana tuhumar wannan mulki a kan yadda ya bar talakan Arewa cikin jahilci da danniya. Ya rayu har ya ga ɗaya daga cikin yaran mishan ɗin, R. A. B. Dikko, ya zama likita na farko daga Arewa, kuma shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta. Wani kuma, John Tafida, ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Miller ya rasu a Bukuru kusa da Jos a shekarar 1952, yana da shekara 80.

Abin da iyalai za su ɗauka

Ba dukan halayensa ne suka gyaru ba. Har tsufansa mutum ne mai kafiya da kaifin harshe, wanda abokan aiki suka sha wuyar zama da shi. Amma akwai abubuwan da ya koya, kuma ana iya ganinsu a cikin ayyukansa. Bayan Kano bai sake shiga gari ba tare da izini ba. Bayan rushewar makarantar 'ya'yan sarakuna ya karɓi ƙaramin aiki ya yi shi da aminci. Bayan Gimi ya tattara waɗanda suka ragu ya rene su. Da aka kayar da shi a kan maganar Wusasa, bai tsaya yana ta jayayya har ƙarfinsa ya ƙare ba, ya juya ga fassarar da ba wanda ya fi shi iya ta. A kowane karo akwai abin da ya rasa wanda bai dawo ba, akwai kuma abin da ya rage, shi kuwa da abin da ya rage yakan tashi.

Saurayi ko budurwar da ta gama jami'a ta yi bautar ƙasa za ta gamu da irin nata Kano: aikin da aka karɓa da gaggawa, ko jarin da aka zuba a sana'ar da ba a bincika ba, ko maganar da aka faɗa wa na gaba ba a auna ta ba, ko shawarar dattijo da aka raina saboda ba shi da digiri. Takardar makaranta tana shaida cewa mutum ya iya karatu. Sanin mutane da sanin lokaci kuwa a fagen aiki ake samunsu, sau da yawa da tsada.

Iyaye da dattawan ekklesiya ma suna da rabonsu a cikin wannan tarihi. CMS ba ta sallami Miller ba bayan abin kunyar 1900, ta sake aikensa. Sabon Alkawari ya ba da labarin Yohanna Markus, wanda ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya, Bulus ya ƙi sake ɗaukarsa, Barnaba kuwa ya tafi da shi, har daga baya Bulus da kansa ya shaida amfaninsa. Yaron da ya dawo gida da kaye yana bukatar a zauna da shi a duba inda ƙafa ta zame, a faɗa masa gaskiya ba tare da gori ba, sa'an nan a sake ba shi dama. Da an rufe wa likitan nan ƙofa yana ɗan shekara 28, da wataƙila masu bi na ƙasar nan sun ƙara shekaru suna jiran Maganar Allah cikin harshen da suke ji.

Ubangiji ya ba matasan ekklesiya tawali'un karɓar gyara, ya ba iyayensu haƙurin tsayawa tare da su har su miƙe.